Ranar da Na Yi wa Jikan Rufe-Kasuwa Kirari

Ku aje wayoyin nan ku matso. Na ga abin da kuke yi. Mutum ya kunna gem, ya kafa waya gaban bakinshi, ya yi ta "kai, kai, ya mutu!" sannan ya fito shina cewa shi ma mai kirari ne. To ihu daban, kirari daban. Jaki ma na ihu, ban taɓa ganin wanda ya tashi ya yi mishi kari ba. Ni Tumba, zabiyar Ƙaura, na yi wa 'yan dambe kirari tun ba a yaye uwayenku ba, na yi wa amare guɗa daga nan har Zurmi, kuma da tsufana na zauna gaban talabijin na yi wa mutanen Japan masu gashin bushiya. Wanga gem da kuke gani, saura kaɗan ya raba ni da kujerata. Bari in faro muku daga tushe.

Aikin farko da na gani da idona a Zurmi ne, da kaka, an gama yankan gero. Ina bin Iya Hure, wadda ta koya min sana'a, ina ɗauke da goran ruwan ɗuminta. Iya Hure ba ta barin almajirarta ta buɗe baki. "Ke, kunne ake fara koya, baki na baya," haka take cewa. In muna tafiya ta nuna mutum da haɓa ta ce, "Wane ne wancan?" Sai kin kawo ubanshi, da uwarshi, da kakanshi, da abin da anka san gidansu da shi, da abin da ba a faɗi gabansu ko da wasa. Rannan wani ɗan dambe ya leƙa fili, ya ga girman wanda anka haɗa shi da shi, ya koma gefe ya fara kwance zaren hannunshi, wai cikinshi na murɗa. Iya Hure ta kurɓi ruwa, ta matsa kusa, ba ta ko ɗaga murya sosai ba, ta kira sunan kakarshi ta wajen uwa, wadda ta taɓa korar kura da muciya. Sai ga mutum shina maida zare. Za ku ce ya ci? An kashe shi mana, tun turmin farko, har sai da anka yi mishi fifita. Amma ya shiga. Muna komawa gida ta ce min, "Kin gani? Kowane namiji da jijiyarshi. Aikinmu mu san inda take."

Kayan aikin ba su da yawa, amma ba a saye su a kasuwa. Maƙogwaro, wanda ba a ba shi ruwan sanyi, ba a ba shi gyaɗa ranar aiki, sai citta da kanumfari. Kai mai riƙe asalin mutane. Ido mai gane wanda ya zo da zuciya da wanda ya zo rakiya. Sai 'yar kujerata ta tsugunno da mafici. Shi ke nan. Da su na aurar da 'ya'yana.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda hanya ta lalace. Ba sai na gaya muku ba, kun sani. 'Yan dambe sunka bar zagayen ƙauyuka. Biki ya koma a ɗaura aure da safe, kafin azahar kowa ya kama gabanshi. Inda anka ɗan samu sarari kuma sai a ɗauko yaro da lasifika, ya danna guɗar gwangwani, amarya ta shiga ɗaki da muryar wata matar da ba ta san ko sunan ubanta ba. Na zauna gida, maƙogwarona na tsatsa. Cikin wannan zaman ne ɗan ƙanena Sanusi ya zo ya ce, "Gwaggo, zauren nan naki zaman banza yake, ba ni in sa gem." Na ce mene ne gem? Ya ce dambe ne na cikin talabijin. Na ce in dambe ne shigo da shi.

Ranar da ya kunna, na fito da buta zan wuce, na tsaya. Wasu mutane na gani cikin talabijin, idanu kamar faranti, hanci ɗan tsit kamar ƙwayar gero, gashi kowane sili ya kama hanyarshi. Ɗaya na ɗauke da takobin da ya fi ƙyauren zauren nan faɗi. Samari biyu na zaune a benci, kowa riƙe da abin dannawa, wanda suke ce wa hannu, kowa da nashi mutum a ciki. Sama kuma ga wani jan layi, wai jinin mutum ke nan, in ya ƙare an kashe ka.

Gaskiya ɗaya ce, masu wanga gem sun san duka. In takobi ya sauka sai ka ji shi a haƙoranka, talabijin ta ɗan tsaya cak kamar ita ma ta ji zafi, sannan ta ci gaba. Wanda ya yi wannan ya taɓa shan naushi, ba shakka. Kuma kowane ɗan wasa da takunshi. Akwai mai sauri kamar zomo, dukanshi ba nauyi. Akwai jibgege, kafin ya ɗaga hannu ka je ka dawo, amma in ya same ka sai a kira 'yan uwa. Akwai wani ɗan tsoho mai sanda da ba ya kai hari, sai ya tare ya rama. Haka 'yan dambe suke, wallahi, ko a Shinkafi ko a Banga. Ga launi, ga walƙiya, ga ƙasa na tsagewa. Wanda bai taɓa riƙe hannu ba ma, in ya danna ko'ina sai ya ga mutuminshi ya yi tsalle ya yi abin kirki, ya ji daɗi ya dawo gobe.

Amma aibinsu, ku bar ni in faɗa. Na farko surutu. Mutum zai kai babban duka, sai ya tsaya ya buɗe ƙafa, ya kira sunan dukan da ƙarfi, iska ta kaɗa mishi riga, a nuno idonshi na dama, a nuno na hagu, a nuno ranar da uwarshi ta rasu. Mai shayi na ƙofar gida ya sha sa ƙwai a wuta ya leƙo ya koma ya juya, duka bai sauka ba. A filin dambe ka tsaya gaya wa mutum sunan naushin da za ka yi mishi, sai dai ka ƙarasa bayanin a kwance. Na biyu, in ana wasan mutum ɗaya, wanda ake bin labari, maƙiyan duk fuska guda, ka kashe wanga ga wani irinshi sak, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Labarin kuwa ba kai ba gindi, mutum biyu su tsaya bisa dutse su yi ta magana har janareta ya sha mai. Ni da na san tatsuniya, da sun zo sun tambaye ni. Na uku, wani lokaci ana tsakar faɗa sai hoton ya koma bayan bango ko bayan itace, kana jin ana jibgarka ba ka ganin mai jibgar. Matan ciki kuma ban san wane tela ke musu ɗinki ba, ko yadi ne ya yi tsada a garinsu. Na ce wa Sanusi a zaurena ba a zaɓar su sai masu doguwar riga.

Yadda na shiga aikin kuwa, Bello Mai Faci ne sanadi. Bello magidanci ne, shagonshi na bakin tasha, in ya tashi aiki bayan la'asar sai ya zo ya zauna da baƙin mai a hannu ya ɗauki mai babban takobi. Duk Ƙaura ba mai taɓa shi. Rannan ya yi wani sara da ya raba abokin wasanshi da ƙasa, zaure ya yi tsit, ba wanda ya ce komai sai "kai." Duka irin wannan ya tafi ba guɗa? Ban san sanda na aje buta ba. Na rangaɗa guɗa, na ce, "Bello na Hadiza! Mai hura taya, yau ka sace iskar maza! Ƙusa ba ta shawara da roba! Jikan Na-Allah mai rijiya, wanda ya haƙa har ya ji muryar mutanen ƙasa!" Bello ya juyo, idonshi ya yi ja. Ya ce, "Inna, ina kinka san kakana?" Na ce, "Ni na yi guɗar auren uwarka, zauna ka ci gaba."

Daga rannan zaure ya fara cika. Masu kabu-kabu, 'yan kamasho, masu gyaran waya, har wani malamin makaranta mai zuwa wai ya duba ko ɗalibanshi na nan, sai ya zauna. Wasu ba gem ke kawo su ba, so suke a kira kakansu gaban jama'a. Sanusi ya kafa min kujerata gefen talabijin, inda nake ganin fuskar masu wasa da fuskar na ciki.

Matsalar ta fara da 'yan Shinkafi. Direbobi ne da mahauta, in sun kawo kaya Ƙaura sai su biyo. Cikinsu akwai wani siririn saurayi, Lauwali, ba ya magana, ba ya dariya, kunnenshi toshe da iyafis, kullum ɗan tsohon nan mai sanda yake ɗauka. Sai ya koma lungu ya tsuguna ya tare. Ni kuwa in ta da murya in zuga namu, namu ya taso kamar bajimi, ya kira sunan duka, ya kai sara, ya sari iska. Kafin ya ɗago takobi, ɗan tsoho ya ƙwanƙwashe shi. Haka Bello ya faɗi, haka na bayanshi sunka faɗi, zuwa bayan zuwa. Har a tasha ana yi wa 'yan Ƙaura dariya.

Wata safiya Sanusi ya shigo cikin gida, ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwar ta yi tsawo, na san da magana.

"Gwaggo, Allah ya ba ki haƙuri. Ranar da kinka tafi suna Banga, Bello ya kusa cin Lauwali."

"To sai me?"

"In kina nan ko kusa ba ya yi."

"Wato bakina ke da nauyi ko?"

"A'a, daɗi ya yi yawa. Gwaggo, wanga gem ba dambe ba ne. Mai haƙuri ke ci. Sai ka tare, ka ja baya, ka bari wancan ya zubar da ƙarfinshi. Ke kuma kina kiran kakan mutum, ta yaya zai danna baya jama'a na kallo?"

Maganar ta shige ni. Ashe babban aibin gem ɗin ke nan, ko kuwa babbar hikimarshi, har yau ban yanke ba. Sun zana jarumai, sun ba su takobi da tsawa, sannan sun ɓoye nasara a hannun mai laɓewa.

Na ce bari in gwada kirarin ja da baya. Da yamma Bello na wasa na ce, "Bello mai komawa baya, mai lallaɓawa kamar..." Harshena ya ƙi. Zaure ya fashe da dariya. Kafin magariba sunan mai komawa baya ya kai tasha, kafin gari ya waye ya kai kunnen matarshi. Bello ya yi kwanaki in ya gan ni sai ya duba wata taya.

Sai 'yan Shinkafi sunka aiko, wai ranar Juma'a bayan la'asar za su zo da jama'arsu a yi ta ta ƙare, gwaninsu da gwaninmu. Sanusi ya ce, "Gwaggo, mutane sun fara cewa ke ce ke ja mana faɗuwa. In munka faɗi ran Juma'a, ko kin yi magana ko ba ki yi ba, ke za a ce. Sai dai kujerar nan ta koma cikin gida." A zaurena! Amma na san gaskiyarshi, in jama'a sun watse shi ma ya tashi.

Ran Alhamis na yafa gyale na shiga mota zuwa kasuwar Shinkafi. Ku da kuke cewa sana'ar nan ihu ce, ku ji inda aikin yake. Na nufi rumfar mahauta, na tsaya taya kayan ciki, na raina tumbi, na yaba hanta, na ce wane yaro ne naku siriri mai toshe kunne? Mahauci ba ya iya riƙe labari in kin raina namanshi. Nan take na ji ɗan wane ne, kuma jikan Audu Rufe-Kasuwa ne. Sai na aje hantar. Audu Rufe-Kasuwa! Na gan shi da idona ina bin Iya Hure. In zai yi dambe masu rumfa kan rufe su tafi kallo, shi ya sa sunan. Mutumin da bai taɓa ɗaga ƙafar baya daga inda ya dasa ta ba. Na sayi hantar ban ko ƙara tayawa ba.

Juma'a zaure ya cika har waje, wasu bisa babura suna leƙe ta taga. 'Yan Shinkafi sun zo da baffan Lauwali, Alhaji Ige, wani ƙaton mahauci mai furfura, shi ya ɗauko su a motarshi. An ce turmi uku, kamar dambe. Sanusi ya ɗan sunkuyo ya ce, "Gwaggo, don Allah." Na ce na ji.

Turmin farko ban ce uffan ba, ina ta fifita. Bello ya yi haƙuri iyakar iyawarshi, ya tare, ya ja baya, gumi na zuba. Bai hana ba. Lauwali ya fi shi sanyin jini, ya tsinke mishi jan layin nan kaɗan kaɗan kamar mai yanka kilishi. Na ga Sanusi na kallon kujerata kamar shina auna ta inda za ta bi ƙofa.

Da anka fara turmi na biyu na kurɓi ruwan citta, na miƙe, na juya wa Bello baya, na fuskanci baƙo. Na yi guɗar da tun mummunar shekara ban yi irinta ba.

"Lauwali ɗan Shinkafi! Jikan Audu Rufe-Kasuwa! Gidan da ba a san ƙeyarsu ba sai goshinsu! Kakanka ya dasa ƙafa a Zurmi, har damina ta zo sawun na nan! Wuƙar fawa ba ta san hanyar komawa kube da ƙishi ba!"

'Yan Ƙaura sunka riƙe baki. Wani ya ce, "Inna ta sauya sheƙa!" Shi kuwa Lauwali ko gezau, kunne a toshe, ɗan tsohonshi na tsugune a lungu. Amma Alhaji Ige ya ji. Ya ture mutane, ya miƙa hannu ya fizge iyafis ɗin nan.

"Ana kiran ubana kana toshe kunne? Ɗan banza!"

"Baffa, dabara ce! Tsohuwar nan so take in mutu!"

"To ka mutu mana! Wa ya fi ka? Kana zaune a lungu kamar kaza mai kwanci, ana faɗin sunan gidanmu!"

"Baffa, haka ake cin wasan!"

"A gidan wa?"

Ku lura da kyau, ni ban zage shi ba, ko kalma ɗaya. Zambo na sa mutum ya natsu ya yi hankali. Kirari ke cire hankali. Na sassauta murya yadda Iya Hure ke yi, na ce, "Na ga Audu ranar da ya karya hannu bai fita ba, ya ce a ɗaure mishi ɗayan. Yau ga jininshi a zaurena. Marhabin da manya."

Yaron nan ya san tarko ne. Kowa a zauren ya sani, har mai shayi. Na ga babban yatsanshi bisa abin dannawa, shina son baya, jini na son gaba. Sai ɗan tsoho mai sanda ya miƙe daga lungu, abin da ba a taɓa gani ba, ya ruga da gudu, ya tsaya tsakiyar fili ya fara kiran sunan babban dukanshi. Iska ta kaɗa gemu, an nuno ido, an nuno ƙuruciyarshi. Bello ya ɗan goce gefe kawai, ya jira anka gama wa'azi, ya sauke mishi ƙyauren takobin nan a ka.

Turmi na ƙarshe kuwa Lauwali tsaye ya yi shi. Bai tare ko sau ɗaya ba. Shina faɗa shina ihu, baffanshi na ihu, ni ina guɗa, ya shiga takobin Bello da ƙirji kamar mai shiga kogi. Jan layi ya ƙare. 'Yan Shinkafi sunka ɗauke shi bisa kafaɗa sunka fita da shi har bakin titi, Alhaji Ige na share hawaye da hula shina cewa, "Yau na ga Baba." Sai da Sanusi ya bi su shina tuna musu cewa su anka ci.

Kujera dai ba ta koma cikin gida ba, ga ta nan kuna ganinta. Zaure ya watse, saura Bello a benci, hannu bisa gwiwa, fuska kamar an sace mishi jak ɗin ɗaga mota.

"Inna, ni na ci."

"Kai ka ci, ɗana."

"Amma shi anka ɗauka. Ni ko guɗa ɗaya."

Na ce, "Bello, wanga gem bai yarda mutum ya haɗa biyu ba. Zaɓi ɗaya, kirari ko nasara."

Ya daɗe shina kallon talabijin, mai takobinshi na tsaye shi kaɗai iska na kaɗa mishi gashi. Sannan ya leƙa waje ya kira mai shayi, mutumin da bai san gaban abin dannawa da bayanshi ba, ya miƙa mishi hannun gem ɗaya, ya gyara zama.

"Inna, fara daga kakana mai rijiya."

Kafin a kira magariba mai shayi ya kashe shi.